Hancin Auta

A gidanmu na Sabon Birni, hanci shi ne jari. Mahaifinmu turare yake sayarwa. Yakan saro wani wajen fataken da ke gangarowa daga Maraɗi, ɓangaren Faransa, wani kuma wajen masu zuwa daga Kano, ya ɗura a 'yan kwalabe, ya jera su cikin jakar fata, ya rataya wa jaki, ya bi kasuwanni. Isa ta san shi, Tsamaye ta san shi. Kafin ka ga Baba ka ji shi, bayan ya wuce ma sai ka ƙara jinsa. Tsaftarsa har ta so ta yi yawa. Akwai lungun majema a bayan unguwarmu, inda masu jima ke jiƙa fatu suna kankarewa, kuma ta nan ce hanya mafi kusa zuwa masallacin Juma'a, amma Baba gara ya zagaye rabin gari da ya bi ta wurin. In iska ta juyo daga can sai ya ja gefen rawani ya rufe hanci, ya yi ta tsaki.

Mu biyu ne maza a gidan, ni da ƙanena da kowa ke kira Auta. Ni na riga shi zuwa duniya, shi ya riga ni samun hanci. Tun bai iya ɗaure wandonsa ba Baba ke ɗora shi a cinya a zaure, ya ce ya rufe ido, ya kara masa bakin kwalba. Sai yaron ya ja numfashi ya ce wardi, ko sandal, ko jibda, kuma ba ya kuskure. In Inna ta jefa albasa cikin mai, ko yana ƙarshen unguwa sai ka gan shi ya sheƙo ya tsuguna a bakin madafi. Baba yakan nuna shi ga baƙi ya ce, "Wanga shi ad da hanci. Shi za ya gaje ni." Sannan ya dube ni ya ce, "Kai kuwa naka na ado na." Ina jin haushin maganar nan har yau, ko da yake ni na ƙare da gadon kwalaben.

Zamanin Turawa ne, mota ba ta zuwa mana sai da kaka, in gulbi ya janye hanya ta bushe. Babbar mota ce mai jikin katako, takan taso daga Ƙaura ta biyo ta Isa, ta kwashi gyaɗa da fatu. Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma abin da ke kai mu wurinta da gudu ba hawa ba ne. Fetur muke zuwa shaƙa. Mu a wurinmu babu turaren da ya kai shi. Mukan tsuguna a bayanta, daidai inda hayaƙi ke fita, muna jiran direba ya tayar. Auta, mai shekara huɗu ko biyar a lokacin, shi ne kullum a gaba.

Ran da abin ya faru an gama lodi a bakin kasuwa, motar na tsaye a ɗan gangare. Direba ya tayar, maimakon ta yi gaba sai ta zabura baya. Mu manya muka watse. Auta bai gani ba, don idonsa a rufe yake. Haka Baba ya koya masa, in za ka sansana abu ka rufe ido. Katakon baya ya buge shi a goshi, ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta sami dutse. Bai yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya fi ba mu tsoro. Jini na fita ta hancinsa da kunne guda.

Direban Bayarabe ne, ƙato, amma sai da ya zauna a ƙasa yana kuka kamar mace mai takaba. Shi ya sungumi yaron ya sa a gaban mota tare da Baba da Inna, ya kai su ɗakin magani na En'e da ke Isa. Malamin asibiti ya ɗinke goshin, ya ce sauran na Allah ne. Auta ya yi kwanaki bai san inda yake ba, idanunsa sun kumbura sun yi baƙi, Inna na ɗiga masa ruwa a baki da auduga. Da ya farka maganar ba ta dawo tare da shi ba, sai a hankali, kalma ɗaya yau, wata jibi. Tafiya ma sai da ya sake koyo, yana dafa bango. Baba ya so ya kai direban gaban alƙali, dattawa suka ce ina aka taɓa jin Bagobiri ya kai Bayarabe ƙara, ai abokin wasa ne. Baba ya ce wasan dai ya yi nauyi, amma ya haƙura. Tun daga nan direban bai taɓa zuwa garin bai shigo gidanmu da burodi ba. Yana shiga zaure zai ce, "Ina bawana?" Da bakin Auta ya buɗe sai ya riƙa amsa masa da, "Ga ubangijinka nan."

Kafin damina ta yi nisa Auta yana gudu da mu. Aka yanka akuya aka yi sadaka, kowa ya ce ai abin ya wuce. Tabon goshi kawai muke gani, da wani wuri a ƙeya da gashi ya ƙi fitowa.

Sauran kayan da motar ta bar mana a hankali suka riƙa fitowa, shekara bayan shekara. Aike ɗaya yake riƙewa. In Inna ta ce ya sayo gishiri da kanwa, zai dawo da ɗaya, wani lokaci ya dawo ya tambaya me ma aka ce. In rana ta doke shi kansa ya yi ta sara har ya kwanta. Fushi ya zo masa kamar wutar kara, ya jefar da akushi, ya yi ihu, kafin ka tsince akushin ya manta, yana tambayar me ya ɓata maka rai. A makarantar allo abin da ya haddace da yamma da safe ya gudu. Duk waɗannan mun iya zama da su. Inna ta koma aikensa sau biyu, aka saya masa malafa, ni kuma na koyi kaucewa akushi. Yaro ne mai fara'a, mai son mutane, kuma in ya sa hannu a aiki guda ba ya ɗagowa sai ya gama.

Waɗanda suka tayar da hankali daban ne. Ya daina zuwa bakin madafi. Abinci duk ya zama ɗaya a wurinsa, sai ya zuba barkono har mu da ke gefe mu yi atishawa. Furar da ta kwana ta lalace, wadda ko kare sai ya yi shawara, shi zai shanye ya lashe ludayi. Wata rana yana jin ɗumi rigarsa ta kama wuta ta baya, ƙauri ya cika gida, Inna ta fito daga ɗaki da gudu ta same shi zaune yana wasa da kara. Sai kuma ranar da jakin wani ya mutu a bayan gari ya kumbura. Mutane na wucewa da nisa suna tofar da yawu, aka hango Auta zaune kusa da mushen a inuwa, yana kallon ungulaye yana cin ƙuli-ƙulinsa.

Baba kuwa bai fasa darasinsa ba. Yakan kira shi zaure ya ce ya rufe ido, ya kara masa kwalba. Auta ya ja numfashi sosai, ya ce, "Madalla." Abin da masu saye ke cewa ke nan in an ba su sun sansana. Baba ya ce, "Na san madalla na. Wane iri na?" Sai yaron ya yi murmushi ya sake cewa madalla. Ran nan Baba ya ɗura kananzir a kwalbar wardi ya miƙa masa. Ya shaƙa, ya ce madalla. Baba ya tashi ya fita, ranar ko kasuwa bai je ba.

Gari ya yanke hukunci: ɗan mai turare ya taɓu. Har dalili aka samo. Wai da aka yi hanyar mota an sare wata tsamiya tsakaninmu da Isa, iskokin da ke cikinta suka rasa gida suka riƙa bin motoci, ɗaya ya sami kan yaro a buɗe ya shige. Na yi dambe a kan kalmar nan taɓaɓɓe fiye da yadda zan iya tunawa, kuma ba duka na ci ba. Amma ni ma a raina ban san me zan ce game da mushen jakin ba.

Lokacin da Auta ya kai kamar shekara goma, Baba ya aika aka zo da wani boka daga wani ƙauye bayan Kamarawa. Aikinsa turare ne shi ma, sai dai nasa na kora ne. Yadda ake yi, a lulluɓe mara lafiya da gwado tare da kaskon wuta, a zuba abubuwa masu wari, in iskan ya ji ba zai iya ba sai ya yi kururuwa ya faɗi sunansa ya fita. Da hantsi aka yi, a tsakar gida. Bokan ya zuba gashin bunsuru, da guntun ƙaho, da kashin kura, da wani baƙin abu da ya ƙi faɗin sunansa. Jama'a, na yi shekaru a duniya, ban sake jin irin wannan ba. Kaji suka bar gidan. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ya mutu. Baba ya yi zaure da rawani a hanci, bokan da kansa ya juya fuska yana karanta abinsa ta gefen baki. Muna jiran kururuwa, sai muka ji ɗan tari, sannan murya daga cikin gwado.

"Baba, in hito? Zahi nika ji."

Bokan ya matsa ya ce, "Kai wane na? Mi kaj ji?"

Sai muryar ta ce, "Madalla."

Yanzu in na tuna sai na yi dariya har hawaye, amma ranar ba wanda ya yi. Bokan ya ce bai taɓa gamuwa da irin wannan ba, iskan babba ne, turaren ma daɗi yake masa. Ba aikin yini ɗaya ba ne. A kai masa yaron ya zauna a gidansa har sai abin ya fita, ko shekara nawa ne. Kowa ya san gidan. Akwai waɗanda aka kai tun muna ƙanana ba su dawo ba, kuma masu yawan fushi marin ƙarfe ake sa musu a ƙafa. Auta kuwa ga fushi.

Baba ya ce in an gama ɗaurin gero za a kai shi. Ba ƙinsa yake ba, kada wani ya ɗauka haka. Gani yake magani ne, kuma uban kirki ba ya hana ɗansa magani. Inna ba ta yi masa gardama da baki ba, sai dai tuwonta ya riƙa komawa madafi yadda aka kawo shi. Ni kuma na kasa kallon gonakin bayan gari, don kullum geron ƙara nuna yake.

Ana cikin haka jakar kwalaben Baba ta yage. Shi ba zai taka lungun majema ba, sai ya aike ni in sayo fata a kai wa baduku. Auta ya biyo ni. Tun daga bakin lungun na toshe hanci, ina numfashi ta baki. Wurin inuwa ne sosai, ga manyan itatuwa, ga kwatarniyoyi jere cike da ruwan toka da na bagaruwa, ga fatu a shanye. Wani tsoho, babban majeman, yana zaune yana kankare gashi daga fatar akuya. Auta ya tsuguna gabansa ya ƙura wa hannunsa ido. Can ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, don mi kaka riƙe hanci?"

Na ce, "Wari mana. Kai ba ka ji?"

Ya waiga dama da hagu. "Ina shi ke? Gwada min shi."

Na ɗauka iskancinsa ne, na ce wari ai ba a ganinsa, da hanci ake ji. Ya ja numfashi da ƙarfi har kafaɗunsa suka ɗaga, ya ce shi iska kawai yake ji tana shiga, mai sanyi. Na tambaye shi turaren Baba fa? Ya ce shi ma iska. Furar da ta lalace? Tsami dai ta fi, kuma yana son tsami. Na ce to me ya sa in Baba ya ba ka kwalba kake cewa madalla? Ya dube ni kamar ni ne mota ta buge. Ya ce ai haka ake yi. In an ce ina kwana ka ce lafiya, in an miƙo kwalba ka ce madalla. Shi duk zamansa ya ɗauka wata irin gaisuwa ce ta gidanmu. Ya manta sarai cewa akwai wani abu a cikin kwalbar da yake ji a da.

Na saki hancina don mamaki, na yi saurin mayar da hannu. Tsohon, wanda duk yana jinmu, ya yi dariya ya ce shi shekara da shekaru yana roƙon Allah irin wannan ciwo bai samu ba. Ya miƙa wa Auta abin kankarar ya ce ya gwada. Yaron ya karɓa, ya sunkuya, bai ɗago ba sai da fatar ta fita tas. Tsohon ya shafa ta da tafin hannu ya ce, "In tsohonku ya yarda, a ba ni shi. Aikinmu guda guda na, kuma cikin inuwa." Na ce a raina, lallai ba ka san tsohonmu ba.

Da muka koma gida na faɗa wa Baba a gaban Inna. Ya ce in rufe masa baki. "Makaho na sani, kurma na sani, kowane da sarkinsu garin ga. Wa at taɓa jin wanda hanci nai yam mutu shi yana raye?" Inna ce ta ce a kira yaron a tambaye shi. Sai a lokacin na lura, shekarun nan duka an tambayi malamai, an tambayi boka, an tambayi tsofaffi, ba wanda ya taɓa zaunar da Auta ya tambaye shi.

Baba ya ɗauko jibda, mafi tsadar abin da ya mallaka, ya kara masa. "Kada ka ce min madalla. Hwaɗa min gaskiya, mi kaka ji?"

"Iska, Baba."

"To mushen jaki hwa? Mi ya kai ka?"

"Ungulaye nika kallo, yadda suka sauka. Ba a ce min an hana ba."

"Rigarka da tac ci wuta?"

"Baya ta kama. Da na ji zahi da na tashi."

Baba ya ce, "To don mi ba ka taɓa hwaɗa min ba ka jin komi ba?"

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ya ce, "Na ga in na ce madalla kana sakin huska."

Inna ce ta fara kuka, amma kukan da dariya a cikinsa. Ta jawo shi jikinta tana cewa ashe ba ƙin girkinta ya yi ba. Ashe tun ran da suka dawo daga Isa take soya albasa tana sauraren ƙafarsa, in bai zo ba ta ɗauka ya daina sonta ne, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Baba kuwa ya mayar da murfin jibda a hankali. Wallahi ina jin a ranar labarin ya fi masa ciwo fiye da na hauka. Hauka a ganinsa ana magani. Amma ɗan da ya ce zai gaje shi, a ce duniya duka ba ta da ƙamshi a wurinsa, wannan bai san inda zai ajiye shi ba.

Na kawo maganar tsohon majemi, ya daka mini tsawa. Aka aika wa boka da bayani, ya aiko cewa ai iskan ne ya zauna a hancin, maganar tana nan. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Aka yanke gero, aka ɗaure, aka kai rumbu.

Wata safiya sai ga ɗan aiken boka da jaki a ƙofar gida. Inna ta shige ɗaki ta ja tufaniya. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya naɗa rawani, ya shafa turare, ya kama hannun Auta suka fito. Na bi su a baya. Ya gaisa da ɗan aiken, ya ce ya jira. Sai ya wuce jakin, ya bi bayan unguwa, ya karya kwana ya shiga lungun majema.

Majeman duk suka tsaya da aiki. Tunda suke ba su taɓa ganinsa a nan ba. Da farko gefen rawani na kan hancinsa. Da ya iso gaban tsohon sai ya sauke shi, don ba a gaida dattijo da rufaffen baki. Na ga idonsa ya kawo ruwa, har yau ban sani ba ko warin ne. Suka gaisa, ya ce:

"Ga ɗana na kawo maka. Aike guda shika riƙewa, kada a ba shi biyu. Rana ba ta yi mai, a bar shi inuwa. In yay yi hushi a ƙyale shi, ba ya daɗewa. In abinci ya lalace a hwaɗa mai, shi ba ya sani." Ya tsaya kamar ya gama, sai ya ƙara, "Hankali nai lahiya lau."

Ɗan aiken boka ya koma da jakinsa da damin gero na haƙuri. Inna ta fito ta dafa tuwo, ta ci ta ƙara.

Gari ya sami abin dariya na shekara guda: mai turare ya haifi majemi. Ana cewa gidanmu in ka shiga da safe aljanna, in ka shiga da yamma ka nemi tsari. Inna ta kafa doka, Auta ba ya wuce zaure sai ya yi wanka. Baba kuma kullum yana jiransa da kwalba, ya ɗiga masa a wuya da bayan kunne yana cewa, "Don mu na, ba don kai ba." Shi kuwa ya ce madalla, su yi dariya su biyu. Jakar kwalaben da Baba ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa daga fatar da Auta ya jeme aka ɗinka ta, kuma duk kasuwar da ya je sai ya faɗa wa mutane, ko ba su tambaya ba.

Ba zan ce ya warke ba, don bai warke ba. Ciwon kai ya bi shi har tsufa. Karatu bai wuce surorin da yake salla da su ba. Fushin ya ragu amma bai tafi ba, 'ya'yansa ma sun koyi kaucewa akushi. Ya yi aure, matarsa ta zama hancinsa, ita ke cewa wannan nonon ya juya, ko tashi wani abu na ƙonewa. In ta aike shi kasuwa abu biyu, sai ta haɗa shi da yaro ya riƙe ɗayan. A lungun majema kuwa ya zauna har ya zama shi ne tsohon da ake kawo wa yara.

Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, kwalabe da jaki suka zo wurina. Aka tambayi Auta abin da yake so cikin tufafi, ya ce rigar Juma'a, wadda Baba ya sa ran da ya kai shi majema. Da aka miƙa masa ya rufe ido, ya tusa fuskarsa a ciki, ya ja numfashi. Sannan ya miƙo mini.

"Yaya, shina nan?"

Na sansana. Jibda ce da sandal, da ɗan zufan Baba. Na ce, "Shina nan."

Ya ce, "Madalla."

Daga nan ya mayar da abin al'ada. Kowace Salla, bayan an sauko idi, zai zo gidana da rigar a naɗe cikin jar fata, ya buɗe, ya ba ni in sansana masa. In ce yana nan, ya naɗe ya koma. Kowace shekara sai na ƙara tusa hanci kafin in samo shi, daga baya sai a wuyan rigar kawai. Wata Salla, mun riga mun yi furfura mu duka, na juya rigar ciki da waje, na bi wuya, na bi hammata, na bi aljihu. Babu komai sai warin adakar da ake ajiye ta. Kwalbar jibda na nan kusa da ni, kuma da na ce yana nan ba zai taɓa ganewa ba. Amma mutumin da aka yi shekaru ba a tambaye shi gaskiya ba, ban ga dalilin da zan ba shi ƙarya ba. Na ce, "Auta, ya tahi."

Ya karɓi rigar, ya daɗe yana shafa wuyanta da babban yatsa, yadda yake shafa fata in yana duba ko ta jemu. Sai ya yi 'yar dariya.

"To, Yaya, yau ka iso inda nike," ya ce. "Zamna in gwada maka yadda aka yi. Ba da hanci ba. Kawo hannunka, nan wurin, inda gemu nai ya cinye zaren."